Ba Hoton Komai Ba Ne

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yau sun ƙone su. A bayan lakwal, makarantarmu, gindin itacen bedi, inda ake zubar da shara. Alhaji Maiwada, shugaban kwamitin iyaye, shi ya sa aka ciro aikin yarana daga bangon aji, aka ɗora masa karan dawa, aka ƙyasta ashana. Ina tsaye bakin ƙofa da alli a hannuna. Ashe ƙaro in yana ƙonewa wani ƙamshi gare shi mai zaƙi-zaƙi, ban taɓa sani ba sai yau.

Daraktan lakwal, Mushe Abdulhadi (haka ake kiran malami namiji a nan, daga Faransanci), ya ce, "Madam Saratu, ki ɗan huta a gida har maganar nan ta lafa."

Na ce, "Mushe, na ce maka na gaji ne?"

Ya hau kallon takalminsa kamar yau ya saye shi. Mutumin da makon jiya ya tsaya gaban wannan aikin yana washe baki aka ɗauke shi hoto da waya, wai sai ansifekta mai duba makarantu ya zo daga Magarya ya gani.

Ita kuwa ba ta zo ba. Ba zan rubuta sunanta a kayen nan ba, littafin rubutuna, kada in ɓata takarda. Wance. Malamar ajin da ke jikin nawa, wadda tun da aka turo ni garin nan kwano ɗaya muke sa hannu. Ta kunna wutar da bakinta, ta koma gefe ta zauna, ta bar maza su kawo ashana.

Sai na rama. Na rubuta, in na manta kayen nan ya tuna mini.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Ina jin ana buga ƙarfen lakwal daga nan. Ban saba zama gida a wannan lokaci ba, na share tsakar gida har na fara kankare ƙasa.

Bari in rubuta abin da na yi daki-daki, ko don in karanta in tabbatar ban haukace ba.

Bara na sa yara su zana akuya. Washegari uban wata yarinya ya zo ya yage kayen ƴarsa a gabana, ya ce hoton abu mai rai ba ya shiga gidansa. Na haɗiye. Da damina aka tura mu ƙarin horo Damagaram, wata malama ta nuna mana wani irin zane da ba ya kama da komai. Ba mutum, ba dabba, ba itace, sai layi da kusurwa da launi, mai kallo ya ji abin da zai ji a ransa. Na ce alhamdu lillahi, ga wanda ba uban da zai yage.

Na roƙo kwalayen sabulu a kanti, muka yanka su kusurwa huɗu-huɗu, kowane yaro ɗaya. Kowa ya raba nasa gida-gida, ya cika gidajen da alwatika da da'ira da duk abin da ransa ya so. Launi kuwa jar ƙasa da shuni da gawayi da lalle, muka jiƙa ƙaro don liƙi. Na ce kowa ya roƙo ƙyallen tsohon zane wurin uwarsa, a yanyanka a liƙa, don aikin ya zama na gida. A bayan kowane kwali na rubuta sunan yaro da sunan uwar da ta ba da ƙyallen, saboda in yi musu godiya ranar nuni. A gaba, can gefe, na sa lamba, don a san inda kowanne zai zauna in an jera su a jikin zana.

Gida-gida. Lamba. Sunan yaro da na uwarsa. Ƙyallen zanen da ta ɗaura a jikinta.

Yanzu da na jera su haka, ni ma na ga abin da suka gani. Hatimi, irin wanda ake zanawa a takardar laya. Kuma kowa a garin nan ya san wane ne ke tambayar sunan mutum da na uwarsa kafin ya fara aiki. To, su daga nesa suka hango, na yi musu uzuri. Wance fa? Almakashinta ne ya yanka rabin kwalayen nan. Ita ce ma ta ce mini, "Ki sa sunan uwayen, za su ji daɗi."

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da azahar

Nabila, ƴar Wance, ajina take. Juma'ar da ta wuce zazzaɓi ya kama ta har ta sanƙare, aka kwashe ta zuwa likita. Majo, babban nas na wurin, ya ce zazzaɓin sauro ne, irin na bayan damina, ya sa mata ruwa. Ni na fara zuwa dubiya, da kunun gyaɗa a kwano. Wance ta karɓa ta ajiye can nesa da gado, ban kawo komai a raina ba.

Bayan na fito ne ta tsaya gaban matan da suka zo awon ciki, ta faɗi abin da ta faɗa. Rabin farko shi ne hatimi, wai tun ranar da yarinyar ta liƙa ƙyallen zanenta ba ta ƙara barci mai daɗi ba. Rabi na biyu ba zan rubuta shi ba. Shekarun aurena da abin da Allah ya ba ni ko ya hana ni ba su shafi matan awo ba. A ɗakinta na yi kukan wannan abin, ita ta share mini hawaye da gefen mayafinta, shi ne ta ɗauko shi ta shanya a ƙofar likita.

Ranar Litinin rabin ajin ba su zo ba. Talata kuwa na riga na rubuta.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, bayan an sauko

Allah ya isa. Na faɗa a sujada, na faɗa a zaune.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da safe

A famfo wani ɗan tatata ya kama gefen zanena don kada ya faɗi. Uwarsa ta fizge shi kamar ya taɓa garwashi, ta tottofe masa hannu. Matar da ni na koya wa babbar ƴarta rubuta sunanta. Aka ba ni wuri na ɗebi ruwa ba layi, yau ni ce hajiyar famfo.

Maigida ya bugo daga Damagaram, ya ce in tattara in taho, aikin nan ba dole ba ne. Na ce in na taho yanzu na amsa ke nan. Ya ce to me zan yi? Na ce ina tunani.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da magariba

Na ci kasuwa yau, da gangan, da sabon mayafi. Ina tafe mutane na darewa. Sai na ji an ce, "Saratu! Ƴata! Za ki wuce ni?"

Inna Kadi ce, uwar Wance, zaune inda ta saba zama, gefen masu ƙwarya, da fayafayanta a baje. Ta kama hannuna gaban kowa ta ƙi saki. Ta ce, "Ki yi haƙuri da ƴar'uwarki, ciwon ɗa ne ya juya mata kai. Na yi mata faɗa, za ta zo." Na ce ba komai, Inna. Ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a leda kamar kullum.

Za ta zo. To, ƙafarta ce ta karye?

Na dawo na zauna cin abinci, na ɗaga faifan da na rufe tuwo da shi, sai hannuna ya tsaya. Inna Kadi ta saƙa mini shi shekarar da na zo. Gida-gida ne, baƙi da ja, baƙi da ja, da ƴan alwatika kewaye da baki. Da shi na buɗe darasin nan. Na ɗaga shi gaban aji na ce, "Hoton mene ne wannan?" Wani ya ce gona, wata ta ce haƙoran kada, wani sarkin surutu ya ce tuwo ne ke ƙarƙashi. Na ce, "Ba hoton komai ba ne, amma kun ƙi ɗauke ido daga kansa. To irinsa za mu yi."

Tuwon ya huce ban ci ba. Tun ranar Talata ban yi dariya ba sai yau.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da hantsi

In hatimi ne, a gidan wa aka saƙa shi?

Talata, 11 ga Nuwamba, bayan la'asar

Darakta ya leƙo, bai ko zauna ba, ya tsaya daga zaure kamar gidan na cizo. Ranar Asabar iyaye za su taru a lakwal. Ko su yarda in koma aji, ko su rubuta wa Magarya a ɗauke ni. Ya ce, "Madam, shawarata ki ba da haƙuri kawai, ki ce kuskure ne."

Na ce, "Kuskuren wa, Mushe?"

Ya ce, "Ai kin gane."

Na gane sarai. In durƙusa gaban mutanen da suka ƙone aikin ƴaƴansu, in ce na tuba, a mayar da ni aji ina sunkuyar da kai har in tsufa, a riƙa nuna ni da baki ana cewa ga wadda aka kama. Ita kuma ta ci gaba da shiga aji da jakarta mai sheƙi, uwar kirki wadda ta ceci yaran gari. Na ce masa zan zo, kuma zan yi magana. Ya ce Allah ya sa alheri, da muryar wanda bai sa rai ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da azahar

An sallamo Nabila, an ce har tana cin ɗanwake. Na gode wa Allah, da gaske nake. Yarinyar nan ba ta yi mini komai ba.

Kwalinta na fi tunawa cikin duk waɗanda aka ƙone. Sauran yara sun cika kowane gida da launi, kamar za a ci su tara in sun bar wuri. Ita ta shafe nata duka da shuni, ta liƙa ƴar alwatika ɗaya ja can ƙasa, daga zanen uwarta, ta ce ta gama. Na ce, "Nabila, ba ki ƙarawa?" Ta ce, "Madam, in na ƙara ba za a ji wannan ba." Ba za a ji ba, ta ce, kamar launi murya gare shi. Ni da na je har Damagaram ban iya faɗinsa haka ba.

Ranar nan muka gano ja kusa da baƙi faɗa yake yi, ja kusa da fari kuwa hira. Muka gano alwatika in ta tsaya kan tsininta gaban mutum faɗuwa yake, in ta zauna kan gindinta sai hankali ya kwanta. Yaran da ko sunansu ka kira sai sun noƙe, ranar har gardama suke da ni. Wannan ne asirin da na yi musu.

Duk ya zama toka, kuma wadda ta san haka fiye da kowa ita ta jawo.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da yamma

Na ba ta dama, a shaida. Mun yi kiciɓis a lungun masallaci, ita da Nabila, ba kowa sai mu. Na tsaya. Kalma ɗaya nake jira, ko "sannu" ce, wallahi da na mayar da faifan nan kan tuwo. Nabila ta ce, "Madam!" za ta taho. Wance ta jawo ta, ta lulluɓe ta da mayafi, ta raɓa bango ta wuce, ko kallona ba ta yi ba.

Da wannan mayafin ne fa. Shi ne dai mai ruwan ƙasa da ta share mini hawaye.

Shi ke nan.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bayan isha'i

Na goge faifan da ɗanyen tsumma, launinsa ya fito ras. Na yi ta maimaita maganata gaban madubi. Ba zan ɗaga murya ba, ba zan yi kuka ba, tambaya kawai zan yi, ita ta ba da amsa da bakinta. Ina so in ga ta nemi yawu ta rasa. Ina so matan awo su juya su dube ta yadda suke dubana a famfo. Ina so ta koma gida ta kasa haɗiye tuwo.

Ita nake nufi. Ita kaɗai.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da la'asar

Na yi.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da safe

Jiya na ci abinci har na nemi ƙari, ga shi ni na dafa.

An cika ajina maƙil, maza a kan bencin yara gwiwoyinsu na taɓa haɓa, mata a baya da bakin taga. Alhaji Maiwada ya yi doguwar magana a kan amana. Aka ce Wance ta faɗi abin da ta sani. Ta tashi tana wasa da zobenta, ta ce ita dai uwa ce, abin da ta gani ta faɗa, wanda bai san zafin haihuwa ba ba zai gane ba. A gaban maza ta faɗi haka. Na ji kunnuwana sun yi ɗumi, amma ban motsa ba.

Da aka ce in yi magana, na zaro faifan daga mayafi na ɗaga.

Na ce, "Alhaji, ka dubi wannan. Gida-gida ne ko ba gida-gida ba?"

Ya ce, "Gida-gida ne."

Na ce, "Daga nan na kwafo, yara shaida ne. In hatimi ne, ni ɗaliba ce, sai a nemi inda na koyo. Madam, a gidan wa aka saƙa wannan?"

Wance ta hau jujjuya zobenta.

"Madam, da ke nake. Gidan wa?"

Ta ce, can ƙasa, "Gidanmu."

"Almakashin wa ya yanka kwalayen? Wa ya ce in rubuta sunan uwaye?"

Ta nemi yawu ta rasa, daidai yadda na roƙa. Wani dattijo ya tuntsire da dariya ya ce ashe faifai aka ƙone. Liman ya karɓa ya jujjuya shi, ya ce shi bai ga harafi ko ɗaya ba, hatimi kuwa ba ya yiwuwa ba harafi, a ji tsoron Allah a bar malama ta yi aikinta. Maza suka ce haka ne, haka ne, har da waɗanda suka ɗebo karan dawa.

Matan dai ba su yi dariya ba. Na ƙara wata ƴar magana kafin in zauna, ba wata mai tsawo ba.

Gobe zan koma aji. Yau ba ni zuwa kasuwa, na gaji.

Litinin, 17 ga Nuwamba, bayan an tashi

Aji ya cika. Darakta ya tarye ni bakin ƙofa, wai shi dama ya san gaskiya za ta fito. Na ce ai na ga alama, Mushe.

Wance ta zo a makare, ta shige ajinta kamar ɓarauniya. Ta bango ina jin muryarta tana rawa a kan lissafin tebur na bakwai, bakwai sau kaza. Na sa yarana suka rera waƙa da ƙarfi, sau da yawa. Da aka fita shan iska ta zauna ita kaɗai gindin bedi, daidai inda baƙin toka yake har yanzu. Na zauna bakin ajina na ci gyaɗa ina kallonta.

Daɗi. Ba zan yi wa kayen nan ƙarya ba, daɗi na ji.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da azahar

Darasin lissafi, na zana murabba'i a allo na raba shi huɗu. Yarinyar da ke gaba ta ja da baya ta ce, "Madam, wannan ba ya kama mutum?" Na ce in yana kama mutum da ya kama darakta, tun da takardar jadawalinsa duk gida-gida ce. Suka yi dariya, amma wasu ba su kwafa ba.

Mai furar da ke zama ƙofar lakwal yau da farantin roba ta rufe ƙwaryarta.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da yamma

An ce matar Alhaji Maiwada ta tattara fayafayan gidanta ta zuba a murhu. An ce ba ita kaɗai ba.

Ni ban kira sunan kowa ba. Tambaya na yi.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, da magariba

Ban je kasuwa ba, ina da gyaran kayen yara.

Maƙwabciyata ta dawo ta ce har aka watse ba wanda ya tsaya gefen masu ƙwarya. Masu ƙwaryar ma sun ja kayansu gaba. Ta ce da tsohuwa ta ɗaure kayanta za ta tafi, yara sun bi ta suna kiran wata kalma. Ta faɗi kalmar, na ce ta rufe mini baki, ni ban tambaye ta labari ba.

Tambaya na yi. Wance ce ta ce "gidanmu", ba ni ba. In tana jin zafi, ta san ƙofar gidana.

Talata, 25 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na ji sallama, na ɗauka ita ce. Har na gyara zama, na ɗaure fuska, na shirya maganar da na daɗe ina wasawa.

Inna Kadi ce. Ta shigo da ɗaurin fayafayai a ka, ta sauke a tsakar gida. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, ta ce alhamdu lillahi, ba ta sha ba. Ta kwance ɗaurin ta baje su ɗaya-ɗaya a gabana, kamar yadda take yi a kasuwa.

Ta ce, "Ƴata, ke kika yi karatu. Ki nuna mini wanne ne."

Na ce, "Wanne ne me, Inna?"

"Mai abin. An ce kin ce da shi matan gari suke rufe abincin mazansu, su dai su san abin da ke jikinsa. To ni ban san wanne ba ne. Haka na ga uwata na yi, haka nake yi. Ki nuna mini in daina saƙa shi, in ya so in riƙa yin fari fat."

Ba gatse take yi ba. Da gatse ne da na ji sauƙi, na iya gatse. Ta tsura mini ido tana jira, da gaske take son in ɗora yatsa a kan ɗaya.

Haka na ce ranar Asabar, kafin in zauna. Na ga matan sun yi shiru, na ga inda shirun ya dosa, na tura shi gaba.

Na ce, "Babu, Inna. Ko ɗaya babu. Ba hoton komai ba ne, ado ne kawai."

Ta ce, "To." Ta daɗe tana shafa bakin wani mai ja da kore. Sannan ta ce, "Rukaiya ta yi miki laifi, na sani, na faɗa mata. Ni kuma jikata ma an hana ta cin abin hannuna, ubanta ya hana."

Ga sunan ya shiga kayen nan. Daga bakin uwarta ya fito, ba zan goge ba.

Ta miƙe da ƙyar, ta ce in bar su nan, ko yara sa yanyanka su yi aikin makaranta, ita ba ta da inda za ta kai su. Na raka ta zaure. Yau ba ƙuli-ƙuli.

Laraba, 26 ga Nuwamba, da asuba

Suna nan jingine da bango. Duk inda na juya a tsakar gida suna gabana.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, bayan an tashi

Na tari darakta na ce in liman ya ƙara magana ranar Juma'a fa? Ya ce liman ya riga ya yi, maza sun ji, ai ba maza ke sayen faifai ba. Ya ce, "Madam, kin samu ajinki da ƙyar. In aka sake ganinki kusa da maganar nan, wallahi ba ni da abin da zan iya yi miki." Wannan karon gaskiya ya faɗa, shi ya sa na fi jin haushinsa.

Uwar Wance ce fa. Ita ya kamata ta tsaya tsakiyar kasuwa ta ce ƙarya na yi wa Saratu, tsoro ne ya sa ni, babu hatimi ko a kwali ko a faifai. Magana ɗaya ta wanke mu duka. Amma ta gwammace tsohuwa ta zauna a ɗaki da ta buɗe baki ta ce ta yi ƙarya. Yau ma ta raɓa bango ta wuce ni.

Ta zo ta roƙe ni. Ta zo da ƙafarta, ta durƙusa inda uwarta ta zauna, sannan in ga abin da zan yi.

Asabar, 29 ga Nuwamba, da magariba

Ba ta zo ba.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, da hantsi

Amalanke sun fara wucewa kasuwa, ina jin su ta bayan katanga.

Na dama fura a babbar ƙwarya, na rufe da faifan nan baƙi da ja, na ɗaure sauran a zane. Zan je gefen masu ƙwarya in zauna daidai inda Inna take zama, in baje su. In buɗe fura in sha, in rufe, in ƙara buɗewa in sha, gaban matar Alhaji Maiwada da matan awo da kowa. Wadda ta tambaye ni mene ne a jiki, amsar da na ba yara zan ba ta. Wadda ta ce ai ni na ce, in ce ni na ce, haushi ne, ƙarya ce. In sun ga dama su ce mayun sun zama biyu. Gobe ko in iske aji, ko in iske Alhaji da ashanarsa.

Kada wani ya ɗauka na yafe. Ban yafe ba, kuma ban ga ranar ba. Na aika maƙwabciyata ta gaya wa Wance inda zan zauna, don ina so ta zo.

Ki zo, Rukaiya. Ki tsaya daga nesa da mayafinki mai ruwan ƙasa, ki kalli wadda ba ta haihu ba tana wanke sunan uwar da ta haife ki.